Kasuwa ta koma cikin waya: Me alƙaluman ke gaya wa ɗan kasuwar Paraku da Jugu?

Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa an rufe iyaka, manyan motoci suka daina haye gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. A watan Fabrairun 2024 an ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a garƙame, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Ga kuma faɗuwar naira tun 2023, wadda ta sa kayan da aka yi wa kuɗi da sefa suka yi wa mai saye daga Najeriya tsada.

Duk mai rumfa a kasuwar Arzeke ta Paraku ko babbar kasuwar Jugu ya ji wannan a aljihunsa. Direbobi da 'yan kamasho da fatake da ke yada zango su yi sayayya sun ragu, shi ya sa da yawa daga cikinmu suka koma tallata atamfa, takalma da kayan gyaran babur a WhatsApp, Facebook da TikTok. Abin tambaya a nan shi ne, mutum nawa ne ke duba alƙaluman da waɗannan manhajoji ke ajiye masa kyauta?

Manyan kamfanoni masu shafin intanet suna da ma'aikata na musamman da ke bin diddigin masu leƙa shafinsu, daga ina suka zo, wane kaya suka duba, a ina suka fasa saye. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da irin wannan shafi, amma yana da ƙanensa a tafin hannu. Hoton da ka sa a sitatus na WhatsApp yana yin awa 24, kuma yana nuna maka sunan wanda ya kalla. Shafin kasuwanci na Facebook yana nuna garuruwan da mabiyanka suke da hoton da ya fi jan hankalinsu. Idan ka ga masu tambayar farashi daga Gaya da Doso sun ja baya, na Kara ta Togo da Nikki suna ƙaruwa, ai an gaya maka inda za ka nemi direban da zai riƙa kai saƙo, da irin kayan da za ka saro daga Kwatano. Jugu dai ta san wannan darasi, domin a kan hanyar goro daga Gwanja zuwa Kano ta yi suna, kuma madugu ba ya tashi da ayari sai ya ji labarin hanya.

Sai dai fa a nan ne mutane ke ruɗuwa. Mu ma'aikatan rediyo mun daɗe da sanin cewa masu bugo waya a cikin shiri ba su ne yawan masu saurare ba, sau da yawa mutum biyar ne ke ta bugowa kullum. Haka kallo yake a waya. A ce mutum 300 sun kalli hoton leshi, goma sun tambayi kuɗi, ɗaya ya turo ta MoMo. A gefe guda mutum 40 kacal suka kalli takalmin 'yan makaranta, takwas suka saya. Wanda ya bi yawan kallo zai zuba jarinsa a leshi, ya zauna yana kaɗe masa ƙura har bayan salla. Alƙaluman garuruwa ma kiyasi ne, ba rajistar duwan ba, sannan wanda ya kashe alamar karanta saƙo a wayarsa zai kalli sitatus ɗinka ba tare da sunansa ya fito ba.

Akwai kuma samarin da ke yawo rumfa-rumfa suna cewa a ba su jika biyar ko goma su ƙaro wa mutum mabiya dubbai. A ganina wannan asara biyu ce, ga kuɗi sun tafi, ga mabiyan bogi sun cakuɗe da na gaskiya, ta yadda ba za ka ƙara gane daga wane gari masu sayenka suke ba.

Abin da waya ba za ta yi maka ba shi ne haɗa kallo da ciniki, wannan aikin littafinka ne. Ka ware shafi guda a littafin bashi, duk kayan da ka tallata ka rubuta ranar, yawan masu kallo, masu tambaya, da waɗanda suka biya da garinsu. Idan rubutu na ba ka wuya, yaron shago ko ɗanka ɗan makaranta ya isa. Duk wanda ya zo saye ka tambaye shi, "Alhaji, a ina ka ga kayan?" Bayan kasuwa huɗu ko biyar, kafin ka aika kuɗin sari Kwatano, sai ka buɗe wannan shafi ka duba.