Jitar farko: a daina tauye yaro da sunan araha

A ɗakin ajiyar kayan ƙungiyarmu ta raya al'adu akwai jita shida jingine da bango, ƙura ta lulluɓe su. Shekara uku ke nan da muka sayo su, kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna aka ƙirga kuɗin. Ran nan mun dawo daga kasuwa muna taƙama, domin kuɗin jita biyu ne muka ba da aka ba mu shida. Yara 20 suka rubuta sunansu a ajin koyon kiɗa. Kafin damina ta faɗi saura uku. A yau jita biyu wuyansu ya tanƙware kamar bakan maharbi, ɗaya jakinta ya ɓamɓare, sauran kuwa ko gwanin gwanaye ba ya iya fid da sauti mai daɗi daga cikinsu. Da aka zauna bitar abin da ya faru, sai wani abokin aikina ya yanke hukunci cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Wannan hukunci shi ya sa na ɗauki alƙalami, gama zalunci ne. Mu manya muka yi laifin, muka ɗora wa yara.

Akwai wata magana da ta zama kamar doka a bakin uwaye da malamai da shugabannin ƙungiyoyi: a saya masa ko wace iri ce, in ya iya sai a nema masa ta ƙwarai. A kunne tana kama da hikima da tattali. Amma ya ku ƴan'uwana malamai, wane ne cikinmu zai miƙa wa ɗan ajin farko alƙalamin da ba ya rubutu, ya ce masa in hannunka ya faɗa ka samu mai kyau? Wane maƙeri ne ke koya wa ɗansa da zugazugin da ya huje? Gwani yana iya lallaɓa mugun kayan aiki, don ya san inda cutar take. Mai koyo bai sani ba. In sauti ya fito a karkace, kansa yake zargi, ya ce Allah bai ba shi ba, ya ajiye har abada.

Bari mu dubi abin da muguwar jita ke yi wa yaro. Na farko, nisan da ke tsakanin tsirkiya da wuya. A jitar kirki, in aka auna a kan ƙarfe na 12 na wuyan, nisan bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba in tsirkiyar ƙarfe ce, ko 3 zuwa 4 in ta nailan ce. Waɗanda muka sayo sun kusa ninka haka. Yaro ɗan shekara 10 zai danna da iyakar ƙarfinsa, yatsunsa su yi kanta, sautin kuma ya fito a shaƙe. Na biyu, kuma shi ne mafi muni, ɓata kunne. In ba a dasa ƙarafan wuya daidai wurarensu ba, ko kunnuwan ɗaurin tsirkiya suna sakewa bayan ƴan mintoci, yaro zai saba da sautin ƙarya har ya ɗauke shi gaskiya. Mu da ke koyar da harshe mun san wahalar gyara lafazin da ya zauna a karkace tun lakwal ta firamare. Kunne ma haka yake, kuma a harshe mai karin sauti kamar Hausa, inda hawa da saukar murya ke raba ma'anar kalma da kalma, bai kamata a tsaya yi wa kowa dogon bayani a kan darajar kunne ba.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita. Za a ce: Mdou Moctar fa, ɗan jihar Tawa, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke, ga shi yau ana sauraronsa har Amurka? Ibrahim ag Alhabib na Tinariwen fa, wanda ya fara da gwangwani da sanda, ƙungiyarsa ta ci kyautar Grammy a 2012? Labaran nan gaskiya ne, ina kuma girmama masu su. Sai dai ana karanta su a baibai. Yaron da ya ƙera jitarsa ya san kowane lungu nata, shi ya ja tsirkiyar, shi zai sassauta ta in ta yi masa tsauri. Wannan daban ne da yaron da aka danƙa wa akwati mai sheƙi wanda ba ya gyaruwa. Sa'an nan mutanen nan ba su zauna ga gwangwani ba, ranar da jitar gaske ta shigo hannunsu sun rungume ta. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad ma a kan jitar ɗan'uwanta ta koya. Abin da ba a taɓa ƙirgawa shi ne ɗaruruwan da suka fara da mugun kaya suka karaya, domin wanda ya bari ba a ba da labarinsa. Ɗauko wahalar gwani a mai da ita hujjar rowa, cin amanar gwanin ne da na yaron gaba ɗaya.

Ga kuma wani ɓangare na masu kuskure, su ne ƴan boko irina, masu kwaso shawara daga littattafan Faransa ko daga intanet su zube ta a Maraɗi ko Damagaram ba tare da tacewa ba. Sun karanta cewa jita mafi kyau ita ce wadda fuskarta falle ɗaya ce ta icce tsantsa. A Turai haka ne. Amma irin wannan icce yana son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali a hunturunmu laima takan faɗi ƙasa da kashi 20. Icce ya bushe ya tsuke, fuskar jita ta tsage, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu. Bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 ta sassauta mannin da ke riƙe da jaki. Jitar da aka yi da siraran fallayen katako manne da juna, wadda masana can ke rainawa, ita ce ke jure wa ƙasarmu. Ƙaramar Yamaha irin su C40 ko F310, ko makamanciyarsu ta wani kamfanin kirki, ta fi wa mai koyo amfani bisa mai tsadar da za ta fashe a watan Janairu.

Sun kuma karanta cewa dole mai koyo ya fara da jitar nailan. Na yarda tana da taushi ga yatsa, kuma ga ƙaramin yaro wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wuyanta faɗi gare shi, wajen milimita 52, na jitar ƙarfe kuwa wajen 43. Mafi yawan samarinmu abin da ya ja su ga jita shi ne salon Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, da na Bombino ɗan Agadas, da kiɗan Tal National na Yamai. Wannan kiɗa a kan tsirkiyar ƙarfe aka gina shi. Saurayi ɗan shekara 15 da ke mafarkin wannan amo, in aka ɗaure shi ga nailan don littafi ya ce, an kashe masa marmarin da shi ne jarinsa. A tambaye shi kiɗan da yake so tukuna. Jitar lantarki ma ba laifi ba ce, ta fi duka sauƙin dannawa, illa tana bukatar akwatin ƙara sauti da wutar da ba kullum ake da ita ba. Gargaɗi ɗaya: kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe ga jitar nailan, kamar yadda na ga ana yi. Jan nailan shida wajen kilo 40 ne, na ƙarfe ya kai 70. Da haka muka rasa jakin tamu.

To, me ya kamata a yi? Kada a je kasuwa sai da wanda ya iya kiɗa, ko da za a biya masa kuɗin mota. A ɗaga jitar a hangi wuyanta daga kai zuwa ciki, kamar mai duba miƙewar sanda. A ɗora tsinken ashana biyu bisa juna a kan ƙarfe na 12: in sun shige ƙarƙashin tsirkiya suna lilo, a bar ta ko da kyauta ce. A kaɗa kowace tsirkiya a sake, a sāke kaɗa ta danne a gaɓa ta 12. Sautin biyu ya zama ɗaya ne, na biyun ya fi sirantaka kawai. A saita ta, a kaɗa na ɗan lokaci, a ga ko ɗaurin ya zauna. A duba ƙarƙashin jaki ko takarda na iya shiga. A auna jita da jikin mai ita, domin akwai rabi, akwai kashi uku cikin huɗu, akwai cikakka. Yaro ɗan shekara 8 ba ya rungumar ta babba. In bahago ne kada a tilasta shi, Mdou Moctar da hagu yake kiɗa. Tsohuwar jita mai lafiya ta fi sabuwa mai ciwo, kuma a ware kuɗin jaka da tsirkiyoyin canji tun ranar saye.

Ga ƙungiyoyi kuwa, shawarata ba ta da daɗin ji: jita biyu na ƙwarai da yara za su yi karɓa-karɓa sun fi shida na hoto. Mu faɗi gaskiya, yawa muka so, don a jera su gaban baƙi ranar buki a rubuta a rahoto. Araha ba ta ado, balle ta yi kiɗa.

Wasu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne a kan kayan baƙi, a koma ga gurmi da molo da goge. Ba ni da faɗa da su, ina ma ajinmu na da duka. Amma su tuna Malam Maman Barka, malamin makaranta kamar mu kuma gwanin gurmi, wanda ya tafi har bakin tafkin Cadi ya zauna gaban tsohon makaɗi don kada biram ya ɓace. Wannan shi ne ɗaukar kayan kiɗa da daraja. Ba makaɗin gogen da zai miƙa wa almajirinsa ƙoƙo fasasshe da izga ruɓaɓɓiya. Mun san wannan ladabi a kan kayanmu na gado, sai ga jita muke mance shi, saboda har yanzu a zuciyarmu abin wasan yara ce, ko da yake ta shekara fiye da 40 tana faɗin damuwar mutanen Sahara, ta kuma kai sunan Nijar inda jakadu ba su kai shi ba.

Cikin yara 17 da suka bar ajinmu akwai wata yarinya da nake koya wa Faransanci. Na tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai ta ce: "Mushe, hannuna ne ba shi da kyau." Kwanan baya na aro jitar wani abokina na miƙa mata. Ta danna, sauti ya fito garau, ta dube ni ba ta ce kome ba. Bana mun sayar da kujerun da ba mu bukata mun sayi jita biyu, ta kuma sake rubuta sunanta. Sauran 16 har yanzu ina bin su gida gida.