RA'AYI: Daga Ƙofar Ran zuwa Geji, tarihin Bauchi na neman ɗan jagora

Da wuya babban baƙo ya sauka Bauchi daga Abuja, minista ne ko babban sakatare ko ɗan takara, ba a sa masa ziyarar kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Ƙofar Ran a jadawalinsa ba. Ayarin motoci kan tsaya, a shiga, a yi wa marigayin addu'a, a sa hannu a littafin baƙi, a ɗauki hoto, a fito. Kafin rabin awa jiniya ta yi gaba. Ba kasafai akan sami wanda zai waiwaya ya tambayi hadiminsa ba: ita wannan ƙofa da unguwar ta ci sunanta, ina bangon da aka huda ta a jikinsa, kuma wa ya gina shi?

Tambayar tana da amsa. Malam Yakubu ɗan Dadi, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda masana tarihi kan ambata a matsayin wanda ba Bafulatani ba cikin manyan masu tuta, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809 bayan ya taso daga Inkil. Ya kewaye shi da ganuwar ƙasa mai tsawon sama da kilomita 10, aka yi mata ƙofofi waɗanda har yau sunayensu ke bakin 'yan acaɓa da masu Keke Napep: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawo, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun da sauransu. A cikin wannan ganuwa masarautar take lokacin da Turawan Ingila suka iso a 1902. Sunayen sun rayu. Ganuwar kuwa ruwan sama ya ci rabonsa, masu haƙar ƙasar gini sun ci nasu, gidaje da tituna suka bi ta kan abin da ya saura.

Ba ganuwar kaɗai ba ce abin gani a wannan yanki. A Kafin Madaki, arewa da birnin, akwai Gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin nan da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 aka sa gidan cikin wuraren tarihi na ƙasa. A Geji, cikin ƙasar Toro, akwai Dutsen Zane, inda mutanen da suka shuɗe suka bar hotunan dabbobi da na mutane a jikin dutse. Akwai irin waɗannan zane-zane a Shira da Shadawanka. A Panshanu, kan hanyar Jos, akwai tarin duwatsun da ake kira Kwandon Kaya, wanda tarihin baka ke dangantawa da yaƙe-yaƙen Sarki Yakubu. A cikin dajin Yankari kuma akwai koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse don zama, waɗanda ake kira da sunan Marshall, da rijiyoyin Dukkey sama da ɗari, da kufan matoyar ƙarfe. Kaya dai ga su nan jibge. Abin da babu shi ne hanyar da ta haɗa su, da mutumin da zai ɗauki baƙo ya bi da shi.

Ƙasar Siri Lanka ba ta kai Jihar Neja faɗi ba, amma a 2018 ta karɓi baƙi 'yan yawon buɗe ido sama da miliyan 2. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta fi sayarwa shi ne tafiyar yini guda. Akan ɗauki mutum ko iyali daga masaukinsu da asuba a mota ɗaya, a kai su Sigiriya, kufan fadar da Sarki Kashyapa ya gina a ƙwanƙolin wani dutse a ƙarshen ƙarni na 5, su hau su sauko, su ci abinci, sannan a wuce da su Dambulla da ke kusa, inda koguna biyar ke ɗauke da zane-zane da siffofin Buddha sama da 150. Kafin dare sun koma masauki. Hukumar UNESCO ta sa Sigiriya cikin jerin kayan tarihin duniya a 1982, Dambulla kuma a 1991. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ce ke ba 'yan jagora lasisi, akwai tikitin shiga, kuma abin da baƙo daga waje ke biya ya ninka na ɗan ƙasa.

In aka cire ɗan jagora daga wannan tsari, abin da ya rage tubali ne da matakala. Shi ne ke nuna wa baƙo inda lambu yake da inda ruwa ke bi, ya gaya masa dalilin da ya sa sarki ya guje wa fili ya hau dutse. Ba sai an je Asiya ba kafin a gane haka. Ginin kabarin Ɓalewa, wanda aka buɗe a 1979, yana da wani lungu mai duhu da baƙo ke ratsawa kafin ya fito sarari inda kabarin yake, babu rufi a kansa. Wanda ya shiga shi kaɗai zai ɗauka wuta aka ɗauke. Wanda ma'aikacin wurin ya raka kuwa zai ji cewa duhun na nufin zamanin mulkin mallaka, hasken kuma 'yancin kai. Abin takaicin shi ne wannan irin bayani yana ƙarewa a bakin harabar kabarin. Taku kaɗan daga nan, tarihin da ya girmi kabarin da shekara 170 ba shi da mai faɗa.

Tsara yini guda a Bauchi ba ya buƙatar sabon gini ko ɗaya. Ana iya farawa da hantsi a Ƙofar Ran, a ziyarci kabarin da ɗakin da aka adana kayan marigayin, a bi sawun ganuwa daga ƙofa zuwa ƙofa har ƙofar fada, sannan bayan azahar a nufi Kafin Madaki a ga yadda Babban Gwani ya ɗaure soro da azara da ƙasa. Wata tafiyar ta daban ta nufi yamma, Geji da Panshanu, wadda ta dace da mai zuwa ta hanyar Jos. Ta uku ta nufi Yankari, inda akasarin baƙi ke kallon giwaye su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki su juya, ba su san akwai koguna da rijiyoyi a dajin ba. Kowace tafiya tana buƙatar mota mai lafiya, farashi sananne, rasit, da mutum mai takardar shaida wanda ya san abin da yake faɗa.

Maganar ta wuce ta kuɗin shiga. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, yaɓe kuma ba ya yiwuwa sai da mutanen da suka ga amfanin yin sa. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne ke fitowa duk shekara su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye. Ganuwar da ba ta ciyar da kowa ba ta da mai tsaron ta. Ga mai neman fili, tudun ƙasa ce kawai da ta tare masa hanya. Amma ranar da mai shayi da mai sayar da hula da direba da saurayin unguwa suka ga baƙi na zuwa saboda wannan guntun bango, ranar ce wanda ya zo da diga zai haɗu da masu hana shi tun kafin wata hukuma ta ji labari. Haka kuma akwai ilimin da ke cikin kawunan dattawa, na fada da na unguwanni: wace ƙofa ce ta fita yaƙi, wa ke riƙe da wace, ina aka binne wane. Ba duka aka rubuta ba, kuma kowace shekara masu shi raguwa suke yi. Horar da ɗan jagora hanya ce ta kwashe wannan ilimi daga tsoho zuwa yaro, a kuma biya yaron don ya riƙe shi.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko tsaro. Gaskiya ne ba kowane daji ake shiga kai tsaye a yau ba, kuma babu mai hankalin da zai tura baƙo inda mutanen wurin da kansu ke ɗari-ɗari. Sai dai wannan hujja ce ta neman ɗan jagora. Ɗan gari ne ya san hanyar da ake bi da wadda aka daina bi, shi ne zai gaida hakimi da mai unguwa kafin a hau dutse, shi ne zai ce yau a fasa. Tafiyar cikin birni da ta Kafin Madaki kuwa ana iya fara su tun yanzu, a bar na nesa su biyo baya gwargwadon hali.

Na biyu, ana tsoron taron jama'a ya lalata abin da aka zo gani. Wannan ma gaskiya ne, domin zanen dutse ba ya son hannu, ba ya son a watsa masa ruwa don hoto ya fito, balle a rubuta suna da gawayi a kansa. A kogunan Mogao da ke kusa da Dunhuang a ƙasar Sin, hukuma ta ƙayyade tikitin yau da kullum ga mutum 6,000, kuma ɗan jagora ne ke riƙe da mabuɗi, ya buɗe kogo ya shiga da ayarinsa, ya fito ya kulle, saboda numfashin mutane da danshi na cin fentin. Geji ba ta kusa da irin wannan cunkoso, amma darasin ɗaya ne: ƙaramin ayari da mai sa ido ya fi dutsen da aka bari babu kowa.

Na uku, wasu kan ga zanen dutse a matsayin kayan jahiliyya da bai kamata a kula da su ba. Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ita ke kula da Borobudur, tsohon ginin mabiya Buddha, haka Masar ke kula da dalar Fir'auna. Babu wanda ya ce adana alama bauta mata ne. Sanin waɗanda suka zauna a ƙasa kafin na yanzu ilimi ne, kuma wa'azi ne ga mai tunani.

A nan ne maganar ta dawo teburin ma'aikatan Abuja. Tun 1979 Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ce doka ta ɗora wa kula da wuraren da aka ayyana na ƙasa. Akwai cibiyar NIHOTOUR da aka kafa don horar da ma'aikatan otal da na yawon buɗe ido. Tun 2024 al'adu da yawon buɗe ido suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya. Yankari kuwa tun 2006 ta koma hannun gwamnatin jiha, tarihin ganuwa da fada kuma na masarauta ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole wani ya fara sunkuyawa. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin taron bita guda a babban otal ba: a zauna da jiha da masarauta a amince da hanyoyi biyu ko uku, a auna abin da ya rage na ganuwa a kafa masa alama, a ɗauko malaman tarihi da na binciken kufai daga jami'o'i irin Ahmadu Bello ta Zariya su haɗu da dattawan gari su rubuta abin da za a koyar, a horar da matasan unguwannin da wuraren suke, a ba su lasisi, a kuma ware wani kaso na kuɗin shiga don gyara, a rubuce, inda mutanen wurin za su gani.

Irin wannan aiki ba shi da kwangila mai tsoka, ba a yanka masa kyalle, shi ya sa yake saurin faɗuwa daga daftarin kasafi. Waɗanda ke rubuta daftarin da waɗanda ke shirya wa manya jadawalin tafiya su ne ke da ikon hana shi faɗuwa. Hadimin da ya ƙara awa biyu a ziyarar maigidansa ta gaba, ya nemi ɗan gari ya bi da ayarin daga Ƙofar Ran zuwa fada, ya kuma biya shi hakkinsa, ya yi wa tarihin Bauchi abin da jawabi goma ba su yi ba. Haka ma'aikacin da ke neman inda zai kai iyalinsa hutun ƙarshen mako. Akwai hanyar mota ta Jos, akwai kuma filin jirgin sama mai sunan marigayin.

A 1953, lokacin yana Ministan Ayyuka, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya gabatar wa majalisa a Legas ƙudirin dokar kare kayan tarihi, wadda a ƙarƙashinta aka ayyana Gidan Madaki shekara uku bayan haka. Masu zuwa yi masa addu'a a Ƙofar Ran suna tsaye ne a bakin aikin da ya fara bai gama ba. Damina kuwa ba ta jiran a sa hannu a fayil, kowace shekara tana tafiya da nata rabon na ganuwar Yakubu.