Wanda Ya Rufe Hanya, Takardar Wucewa Na Wuyansa

Ga wata magana wadda ya kamata a yi ta tun ana zaune lafiya. Maganar kuwa ta takardar shaida ce, wadda ake ba mutanen da gari ba ya rayuwa sai da aikinsu, sa'ad da Gwamnati ta hana fita saboda annoba ko wata fitina. Wannan takarda haƙƙi ce a wuyan Gwamnati, ita ya wajaba ta buga ta, ta raba ta, ta kuma tsare mutuncinta a kan hanya.

Abin da ya faru a shekarar 2020 ya isa hujja. Da annobar korona ta shigo Nijeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ranar 29 ga Maris, ya ce kowa ya zauna gida a Ikko da Ogun da Abuja har kwana 14, aka kafa umurnin a kan dokar keɓe masu cuta wadda ta samo asali tun 1926. Jawabin ya togace ma'aikatan asibiti, da masu sarrafa abinci da raba shi da sayar da shi, da masu man fetur, da na lantarki, da masu gadi. Ranar 27 ga Afrilu, cikin watan azumi, ya sa Kano cikin kulle na mako biyu, ya kuma sanar da hana fitar dare a ƙasa duka daga ƙarfe 8 zuwa 6 na safe, da hana ƙetare iyakar jiha sai ga masu ɗauke da kayan masarufi.

Togaciyar nan daidai ce, amma maganar da aka faɗa a rediyo ba ta bin mutum zuwa shinge. Ɗan sandan da ke tsaye da dare yana son abin da zai gani da idonsa. Ba a kuwa fitar da takarda guda wadda kowane shinge daga Ikko zuwa Kano ya san ta ba. Galibi aka dogara ga katin wurin aiki, aka bar sauran ga ganin damar mai tsaron hanya.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. Daren 19 ga Mayu 'yan sanda a Ikko suka tsare mutane da yawa waɗanda dokar ta togace, har da 'yan jarida da ma'aikatan asibiti. Kashegari ƙungiyar likitoci ta jihar ta umurci likitocinta su zauna gida, ba ta janye ba sai da hukuma ta tabbatar mata ba za a sake ba. To, in likita mai kati da ƙungiya ya sha wannan, ina ga falken da ya ɗauko gero daga kasuwar Dawanau, ko mahauci, ko yaron mota, ko mai kawo tumatir daga Kadawa? Waɗannan ba su da kamfanin da zai buga musu kati, alhali su ne ke ciyar da birni. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da labari cewa cikin mako biyu na farkon kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18. Ba dukansu ne a kan takarda ba, amma duk inda doka ta zauna ba bayani, ƙarfi shi ke yanke hukunci.

Ko inda ba a zub da jini ba, akwai hasara. Wanda ba shi da shaida sai ya sayi hanya da kuɗi, kuɗin nan kuwa a kan buhu ake ɗora su, daga ƙarshe talaka mai awo shi ke biya. Kayan gwari ba su jiran gardama, kwana guda a shinge ya isa su ruɓe.

Malamai sun san ƙa'ida, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tun da Gwamnati ta wajabta wa kanta barin abinci da magani su wuce, takardar da za ta wuce da su ta zama wajibi a kanta. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Wasu ƙasashe sun gane haka. A Faransa, tun daga 17 ga Maris 2020, Gwamnati ta tsara takarda iri ɗaya ga kowa, jaridu suka riƙa buga ta, wanda bai samu ba aka yardar masa ya kwafe ta da hannu. A Afirka ta Kudu an sa samfurin takardar cikin dokar kanta, shugaban wurin aiki ya cika ya sa hannu.

Saboda haka abin da ya dace a nan shi ne takarda guda ga ƙasa duka, wadda za a nuna wa kowane ɗan sanda da soja kafin a tura shi hanya. A ba da ita kyauta, domin shaidar da ake saye ba ta da bambanci da cin hanci. A raba ta ta hannun waɗanda suka san mutane, watau sarakunan kasuwa da masu unguwa da shugabannin direbobi, kowa ya tsaya wa wanda ya sani. A rubuta ta da Turanci da Hausa, boko da ajami. Gwamnatin da ta rubuta ajami a kan takardar Naira 1000 ba za ta kasa rubuta shi a kan takardar wucewa ba. Kuma a sa ofishi wanda za a kai wa ƙara dare da rana, a hukunta jami'in da ya ƙi takarda ta gaskiya.

Wani zai ce ai za a yi ta jabu, ko a sayar. Gaskiya ne, amma maganin wannan lamba ce da rajista da wa'adi, kowace takarda da sunan mai ita da na wanda ya tsaya masa. Fatake kuma suna da nasu nauyi: takarda amana ce, wanda ya ara wa wani tasa, ko ya fake da buhun masara ya ɗauki fasinja, ya ɓata wa 'yan'uwansa duka. A nan malamai na da aikin jan kunne.

An buɗe iyakokin jihohi tun 1 ga Yuli 2020, kullen ya zama labari. Amma annoba ba ta aiko da manzo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata ƙungiyoyin kasuwa su rubuta sunayen mutanensu tun yanzu, su kai wa wakilansu na majalisa wannan buƙata, a sa ta cikin doka kafin a sake rufe wata hanya. Allah ya kiyaye ƙasa da jama'arta, amin.