Gidan Man Asmara: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi



Duk lokacin da aka ɗora hoton gidan man Fiat Tagliero na birnin Asmara, sai mu ga an yi caa a ƙasan hoton: "Kai, Bature ya iya aiki! Da ma ba su tafi ba." Wannan magana ce ba mu yarda da ita ba.

Yabon gwani ya zama dole. A 1938 aka kammala ginin, bisa zanen injiniyan Italiya Giuseppe Pettazzi. Siffar jirgin sama gare shi, da fukafukai biyu na kankare, kowanne mita 15, babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tokare su. Har ana ba da labarin cewa sai da ya zaro bindiga kafin a yarda a cire katakan da suka tallafe fukafukan. Yau fiye da shekara 80 suna nan a tsaye.

To amma motocin wa aka gina shi don su sha mai? A 1935 sojojin Mussolini suka afka wa Habasha, kuma ta Eritiriya suka bi. Wannan yaƙin ne ya cika Asmara da Italiyawa da manyan motoci, gine-gine suka yi ta tashi. A wannan zamanin doka ta ware unguwar Bature da ta baƙar fata, ɗan ƙasa kuwa karatunsa ba ya wuce aji 4. Shi ne leburan birnin: ya kwaɓa siminti, ya ɗauki yashi a ka. Sunan Pettazzi kowa ya sani. Wa zai kawo mana sunan birkila ɗaya?

Ba muna cewa a rushe ba ne. Su kansu 'yan Eritiriya ba su rushe ba. Sun riƙe birninsu har UNESCO ta sa Asmara cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Guminsu ne, gadonsu ne.

Abin da muke ƙi shi ne a nuna mana rufi a ɓoye mana wanda ya ɗauki kwanon kankare. Duk wanda zai yi rubutu a kan tsohon gini cikinmu, ya fara tambaya: wa ya yi dakon, wa aka hana shiga? In ya tsallake wannan, talla ya rubuta, ba tarihi ba.

Wanda yake da ja, fili nasa ne.