A Kama Shirin Talbijin Kafin Iska Ta Kwashe Shi

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Haka shirin talbijin yake. Ana nuna shi sau ɗaya, wanda ya gani ya gani, wanda kuwa yake gona ko kasuwa, ko wuta ta ɗauke masa, sai dai ya ji labari. Mutanen garuruwa irin su Dukku, watau Dukku ta ƙaramar hukumar Rijau a masarautar Kontagora, ba ta Gombe ba, sun fi kowa sanin ciwon wannan, domin ba kullum ne masu ɗaukar hoto ke taka ƙasarsu ba. Ran da aka nuna bikin Dukawa, ko wani babba ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin hanya ko asibiti, minti uku ne ko biyar, shi ke nan an wuce. To, wa ya ajiye?

Mai karatu na iya cewa ai gidan talbijin ya ajiye. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A zamanin da, faifan ɗaukar hoto yana da tsada ƙwarai, saboda haka gidajen talbijin na duniya sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kansa. BBC ta Ingila kanta ta yi asarar shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya. Abin mamaki, a shekarar 1913 ba a san talbijin ba, amma shekara ɗari bayan haka, a 2013, sai ga shi an gano kashi 9 na wasanta mai suna Doctor Who, waɗanda aka fid da tsammanin samunsu, a ɗakin ajiyar wani gidan talbijin a Jos. Watau ƙura da mantuwa a Nijeriya su suka tsare wa Turawa abin da suka zubar da hannunsu.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. An buɗe talbijin a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, aka kuma haɗa tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977. A cikin waɗannan shekaru aka yi su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karkuzu, da wasannin Ƙasimu Yero. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Duk mai cigiyar wasanninsu a yau ya san abin da ake iya samu bai kai abin da aka nuna ba.

Akwai wata mata a birnin Filadelfiya ta Amurka, Marion Stokes, wadda ta fahimci wannan tun da wuri. Daga 1979 har rasuwarta a 2012 tana ɗaukar labaran talbijin dare da rana a gidanta, ta bar kaset kimanin 70,000. Aikin da ya ci mata ɗakuna da dukiya, yau kwamfutar gida ɗaya tana iya fara shi.

Ga yadda abin yake. Shirin talbijin na zamani ba a aiko shi kamar da, ana aiko shi ne a lambobi, abin da ake kira dijital. Tsohon hoto yana da layi 576, sabon kuwa, mai fitowa tangaran, yana da 720 ko 1080. Da yake lambobi ne, kwamfuta ba ta sake ɗaukar hoton, kwafe shi take yi yadda ya zo, ba ragi. Ko an sake kwafa sau goma yana nan garau, saɓanin kaset ɗin bidiyo da ke dusashewa duk lokacin da aka juya shi.

Hanya biyu shiri ke isowa gida. Ta farko ita ce ta eriya, daga turakun da ke ƙasa, bisa tsarin da ake kira DVB-T2. Nijeriya ba ta cika wa'adin duniya na 17 ga Yuni, 2015 na barin tsohon tsari ba. An fara sabon a Jos a 2016, ya kai Kaduna a 2017, Kano a 2021. Ta biyu ita ce ta kwanon tauraron ɗan'adam, wanda jama'a ke kira dish, bisa tsarin DVB-S2. Ga garin da ke nesa da manyan turaku kamar Dukku, ta biyun ita ce abin dogaro, ta nan ne kuma tashoshin Hausa na kyauta irin su Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, suka shiga ƙauyuka.

Kowace hanya da 'yar na'urarta ta kama tasha, wadda ake soka wa kwamfuta ta kafar USB, a ɗaura mata wayar eriya ko ta dish. A lura da kyau wajen saye, domin ta eriya ba ta kama tauraro. Sai a sa manhajar ɗauka, akwai na kyauta irin su NextPVR da Tvheadend, a ba ta tasha da lokaci, ita za ta fara ta kuma tsaya da kanta ko maigida yana barci. Wanda bai sami wannan na'ura ba kada ya karaya. Dikodojin kyauta da yawa suna da kafar da ake soka filash, a danna maɓallin ɗauka, daga baya a juye cikin kwamfuta.

Sai dai akwai abubuwan kiyayewa. Awa ɗaya ta hoto tangaran takan ci gigabait 3 zuwa 4, watau rumbun ajiya mai terabait 1 zai ɗauki kusan awa 300. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata shirin, har ma da rumbun, don haka kwamfutar cinya mai batir, ko wutar sola, ta fi dacewa. Ruwan sama mai ƙarfi yakan yanke hoton tauraro, zafi da ƙurar hunturu kuma abokan gaban na'ura ne. Abu mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu, a rubuta masa sunan tasha da ranar da aka nuna shi. Hoton da ba kwanan wata shaida ce marar ƙarfi.

Haka nan akwai iyakar doka. Tashoshin biya a kulle suke zuwa, abin da dikodarsu ta ɗauka a cikinta kaɗai yake buɗewa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta hana fasa irin wannan kulle. Ɗauka don kallo a gida daban, tun a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta shi a shari'ar kamfanin Sony. Amma juye wasan mutane a sayar a kasuwa cin gumin wani ne, 'yan wasan Hausa kuwa sun daɗe suna kuka da shi.

Saboda haka shawara ga ƙungiyoyin ci gaban gari, da malaman makaranta, da fadar hakimi, a Dukku da makamantanta, ita ce a naɗa mutum ɗaya mai amana, a haɗa masa kwamfuta da rumbu biyu. Duk ran da aka ambaci garin, ko aka ji harshen Dukanci a talbijin, ko aka yi wa jama'a alkawari, ya kama ya ajiye. Bayan shekara huɗu, in mai alkawari ya dawo neman ƙuri'a, ba sai an yi gardama ba, sai a kunna masa. Bayan shekara arba'in kuwa, jikoki za su ga fuskar kakanninsu, su ji muryarsu. Tun ran gini ran zane.