Idan Aka Yi Yaƙin Ƙare Dangi, Ina Mutumin Gidan Goga Zai Dosa?

Duk lokacin da maganar makaman nukiliya ta taso a ofisoshi ko a ɗakunan karatu, akasarin jama'a sukan ɗauke ta tamkar wata hira ce da ta shafi Amurka da Rasha su kaɗai. Wasu sukan ce ai faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Wasu kuma sukan yi dariya su ce wa zai ɓarnatar da bam mai tsada haka a kan wani ƙauye na ƙasar Zamfara. Gaskiya ne babu wani janar na wata ƙasa da ya sa Gidan Goga cikin jerin wuraren da zai kai wa hari. Amma wanda ya tsaya nan ya yi kuskure, domin masana sun daɗe da nuna cewa waɗanda wutar bam za ta ci nan take su ne kaɗan. Masu yawan sai daga baya za su mutu, a wurare masu nisa, sa'ad da abinci ya ƙare kuma zaman jama'a ya wargaje.

Ya kamata a fara tunawa cewa wannan masifa ta taɓa leƙowa kusa da ƙasar nan. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, kuma ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi ƙwarai, saboda kowa ya san daga hamada iskar hunturu take kwaso ƙura ta zuba a kan gonaki da rijiyoyi. Da Faransa ta ƙi jin kira ta sake gwaji har na uku a watan Disamba na wannan shekara, sai gwamnatin Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu, 1961, alhali Nijeriya ba ta fi wata uku da samun mulkin kai ba. Shugabannin wancan zamani ba su ce wannan faɗan manya ne ba. Sun gane cewa iska ba ta tsayawa a kan iyaka.

Abin da aka sani yanzu ya fi abin da suka sani tsanani. Ƙasashe tara ne ke riƙe da waɗannan makamai, adadinsu ya kai wajen 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha. A 1983 masanin nan Carl Sagan da abokan aikinsa huɗu suka bayyana abin da ake kira hunturun nukiliya. Bayaninsa mai sauƙi ne. Idan manyan birane suka kama da wuta gaba ɗaya, baƙin hayaƙi zai tashi ya wuce inda gizagizai suke, watau inda ruwan sama ba zai iya wanke shi ba. A can zai bazu ya rufe duniya, ya tare hasken rana shekara da shekaru. A 2022 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Rutgers ta Amurka suka buga ƙididdigar da ta nuna cewa babban yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya rage amfanin gonar duniya da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekara uku zuwa huɗu, mutane fiye da biliyan 5 su mutu da yunwa. Ko da tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai aka gwabza, ƙasashen da suka yi musayar wuta a watan Mayu na 2025, yunwar da za ta biyo baya tana iya cin fiye da biliyan 2.

To, ta ina wannan zai iso Gidan Goga? Ta hanya biyu, ta sama da ta kasuwa. Daminar ƙasar Hausa ta dogara ne ga zafin bazara. Ƙasa takan ɗau zafi fiye da teku, wannan bambanci shi ke jawo iska mai laima daga kudu har ta kawo hadari arewa. Idan rana ta dushe ƙasa ta yi sanyi, iskar nan za ta yi rauni, ruwa ya ragu ko ya ɗauke da wuri. Manomin da duk dukiyarsa ita ce wata uku ko huɗu na ruwa ba shi da wata madogara bayan wannan. Ta fuskar kasuwa kuwa, an riga an ɗanɗana. A 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukraine, ba a harba makamin nukiliya ko ɗaya ba, amma kuɗin taki da na burodi suka tashi har a kasuwannin ƙauye, domin yawancin alkamar da ake ci a ƙasar nan daga waje ake kawo ta. Ina kuma ga ranar da jiragen ruwa suka daina zuwa ɗungum?

Akwai darasi guda a labarin Hiroshima da ba a cika ambata ba. Bam ɗin da aka jefa ran 6 ga Agusta, 1945, ya hallaka mutane kimanin 140,000 kafin ƙarshen shekarar. Cikin likitocin birnin kusan 300, wajen 270 sun mutu ko sun ji rauni. Duk da haka birnin ya farfaɗo, kuma dalilin farfaɗowarsa shi ne akwai sauran garuruwa a tsaye. Daga can aka kawo magani da shinkafa da ma'aikata. Yaƙin da zai game duniya ba zai bar irin wannan maƙwabci ba. Kowace ƙasa za ta rufe rumbunta, babu jirgin agaji, babu Majalisar Ɗinkin Duniya mai raba abinci. Kowace al'umma za ta rayu ko ta mutu ne da abin da yake hannunta, watau hatsinta, da irin shukarta, da hukumarta, da amanar da ke tsakanin mutanenta.

A nan ne maganar ta dawo gida, kuma a nan ne take da ɗaci. Wanda yake son ya ga yadda zaman jama'a ke rushewa ba ya bukatar littafin ƙagaggen labari ko majigi. Ya dubi abin da ya faru a ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara cikin 'yan shekarun nan. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da ashirin a yankin Gidan Goga, daidai lokacin da manoma ke fita shuka. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai 15. Ran 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. A cikin wannan wata hukuma ta katse layukan wayar tarho a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka ƙuntata sayar da man fetur, duk domin a matsa wa 'yan bindiga. Ko da niyyar mai kyau ce, talaka ya kwana ya tashi makonni ba waya, ba kasuwa, ba makaranta.

Mai lura zai ga cewa rushewar tana bin mataki mataki. Da fari gona mai nisa ake bari, sai a koma noman bayan gida. Daga nan kasuwa ta mutu, domin fatake sun ji tsoron hanya. Malamin makaranta da malamin asibiti su nemi canjin wurin aiki. Sai kuma a wayi gari wanda yake riƙe da bindiga shi ke yanka wa gari haraji kafin a yi shuka, ya sake yankawa kafin a yi girbi, har shi ke sasanta rigima. Abin da ya fi duka muni yakan zo a ƙarshe, watau mutuwar amana. Bahaushe da Bafillace da suka yi zaman shekaru aru-aru, wannan ya ba da hatsi wancan ya ba da nono da taki, sai ga su kowa yana kallon ɗan'uwansa da zargi. Wannan tsari shi ne dai masana ke hasashen zai auka wa duniya bayan yaƙin nukiliya. Bambancin kawai shi ne mutumin Gidan Goga har yanzu yana da inda zai gudu. Yana iya nufar Maradun ko Gusau, wasu dubbai daga Zamfara da Sakkwato da Katsina ma tun 2019 suka ƙetara jihar Maraɗi. A wancan yaƙi babu Gusau, babu Maraɗi da za ta karɓi baƙo.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar yunwa ba ce. Tsofaffi sun bar labarin Kakalaba ta 1914, da 'Yar Gusau ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai masu rai da yawa da suka ga farin 1973. Abin da ya riƙe mutane a waɗannan lokuta sananne ne. Maigida yakan ajiye damman gero a rumbu ya ƙi taɓawa sai ya ga yadda sabuwar damina ta kama. Kowane gida yana da irinsa na gero da dawa da maiwa wanda ya saba da ƙasarsa. Akwai zakka, da gayya, da ramce tsakanin dangi, ga kuma sanin ganyaye da 'ya'yan itatuwan daji da ake rufa asiri da su. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan aka yi masifar da ta datse taki da man fetur da alkamar waje, wannan ilmi na ƙauye shi ne zai zama dukiya mafi daraja a ƙasar nan, mazauna birni kuwa su ne za su fi kowa shiga uku. Abin takaici shi ne masu wannan ilmi su ne aka bari ana kora daga gonakinsu, ana ƙone rumbunansu, 'ya'yansu suna girma a sansanin gudun hijira ba su san riƙon hauya ba.

Haka nan kuma madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato bayan wahalar fari, an gina ta ne domin kada abincin wannan yanki ya rataya ga damina kaɗai. Tarihinta yana da tabo, domin a watan Afrilu na 1980 an zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Darasin wancan rana har yau bai tsufa ba. Kankare da magudanan ruwa ba sa ciyar da kowa muddin manomi bai amince da hukuma ba, ko kuwa ba zai iya zuwa gonarsa ya dawo lafiya ba.

Saboda haka abin yi a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Na farko, a ɗauki tsaron manomi a gonarsa a matsayin babban ginshiƙin tsaron ƙasa, domin ƙasar da ba ta iya kai mutum gona lafiya a lokacin zaman lafiyar duniya ba za ta iya ciyar da kanta ranar tashin hankali ba. Na biyu, a raya rumbunan ajiyar hatsi tun daga matakin gunduma da ƙaramar hukuma, da lissafi a fili wanda jama'a za su iya gani, kada abin ya tsaya ga manyan rumbuna a 'yan birane. Na uku, malaman gona da cibiyoyin bincike irin na Samaru su himmatu wajen tattara irin shuka na gargajiya daga garuruwan da aka watsa tun kafin ya ɓace. Na huɗu, a gyara tsakanin manoma da makiyaya da adalci, a hukunta mai laifi ko wane ne shi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A fagen duniya kuma Nijeriya tana da abin faɗa. Tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka. Tana cikin ƙasashen da suka ja gaba har aka amince da yarjejeniyar haramta su baki ɗaya a 2017, ta kuma tabbatar da ita ran 6 ga Agusta, 2020. A 2018 aka sauya makamashin ƙaramar na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya zuwa irin wanda ba a iya ƙera bam da shi. Wannan muryar tana bukatar ƙarin ƙarfi, musamman ganin yadda manyan ƙasashe suka yi ta warware alkawuran da suka ɗaure kansu da su, kamar yarjejeniyar makamai masu matsakaicin zango da ta rushe a 2019.

Ma'aikacin gwamnati da takardar wani ƙauye take kwance a kan teburinsa, da ɗalibin da yake shirin zama malamin gona ko likita ko jami'in mulki, su sani cewa hana yaƙin nukiliya yana iya fin ƙarfinsu, amma tsayar da ƙauye da ƙafafunsa aikinsu ne na yau da kullum. Idan Allah ya kiyaye ba a yi wannan yaƙi ba, kuma haka ake fata, babu abin da aka yi asara, domin rumbu cike da hanya mai aminci suna da amfani a kowace shekara. Idan kuwa aka ci gaba da sakaci, mutanen Gidan Goga ba sa jiran wani bam daga ƙasashen ƙetare kafin su san ma'anar rushewar zaman jama'a. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka.