Jakar Goyo da Hanyar Bahiya: Kira ga Ɗaliban Gwarzo da Kabo

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata matasa, akwai wata al'ada ta samarin Turai da Amurka wadda muke yi wa dariya, alhali kuwa ta cancanci mu tsaya mu dube ta da idon basira. Yaro zai gama jarrabawa, ya zuba 'yan tufafinsa a jakar goyo, ya nufi wani birni na Kudancin Amurka, ya kama ɗaki mai araha, ya zauna wata biyu ko uku yana cin abincin mutanen wurin yana koyon harshensu. Mu a nan sai mu ce yawon banza ne. To, amma idan ya koma gida shi ne mai rubuta littafi, shi ne kuma za a kira masani, mu kuwa mu saya mu karanta.

Abin mamaki shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan abu. Kakanninmu fatake sun kora jakuna daga ƙasar Kano har Gwanja neman goro, suka kafa zango a Salaga, suka zauna a gidajen fatoma wata da watanni. Har gobe, da an kawar da amfanin gona, samarin Gwarzo da Getso da Kabo da Garo sukan ɗaura 'yar jaka su tafi cin rani Legas ko Ibadan. A 1980 mutumin Kabo, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai. Ashe tafiya gadonmu ce. Abin da ya rage shi ne mu 'yan boko mu mai da ita hanyar neman sani, maimakon mu ƙare iyakacin zirga-zirgarmu tsakanin gida da Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo.

In kuwa za mu tafi, muna ganin babu birnin da ya fi cancanta a Kudancin Amurka kamar Salbador, babban birnin jihar Bahiya ta ƙasar Birazil. Dalili kuwa, akwai jininmu a can. Bayan da jihadi ya tashi a 1804, yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa, aka riƙa kama mutane daga kowane ɓangare ana sayar da su kudu, daga hannu zuwa hannu har bakin teku, daga nan jiragen bayi suka kwashe su zuwa Bahiya. Ba su karɓi bauta hannu biyu ba. A 1807 hukuma ta gano shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a Salbador kafin su zartar. A 1809 suka sake yunƙurawa, haka kuma a 1814. Sa'an nan a daren 24 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, Musulmin birnin suka yi babban boren da ake kira na Male. Yawancinsu Yarbawa ne, amma da Hausawa a ciki.

Da aka murƙushe boren, 'yan sanda suka kwashe layu da takardu masu rubutun Larabci daga jikin mamata da gidajen waɗanda aka kama. Da suka kasa karantawa, wani bawa Bahaushe suka kirawo ya duba musu. Wasu daga cikin takardun nan suna ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahiya. Rubutu ne irin na Afirka ta Yamma, ɗan'uwan wanda gardi yake yi a tsangayar Gwarzo. Har ila yau, jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa ya tambaye su labarin garuruwansu, irin su Kano da Katsina da Zazzau, ya buga littafi a Faris a 1851. Malamin tarihi na Birazil, João José Reis, ya rubuta littafi sukutum a kan boren 1835. Mun gode musu ƙwarai. Sai dai muna tambaya: su wane ne suka fi dacewa su zauna gaban waɗannan layu, in ba waɗanda suka tashi da allo a hannu ba?

Wannan aiki kuwa ba na mai wucewa ba ne. Wanda ya sauka kwana uku ya ɗauki hoto a unguwar Pelourinho, wadda sunanta ma yake nufin turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala, bai ga kome ba. Sai wanda ya zauna ne zai lura cewa abin da mata suke soyawa da manja a bakin titi ƙosai ne, ya kuma ji cewa akwai wani abinci na shinkafa da busasshen nama da har yanzu suke kira shinkafar Hausa. Gani ya kori ji, amma zama ya fi gani.

Za a ce mana kuɗin jirgi ya fi ƙarfin ɗan talaka. Gaskiya ne, babu ɗalibin da zai iya shi kaɗai. Amma ƙungiyoyinmu na ɗalibai sukan tara kuɗi don liyafa da kalanda da riguna. Me zai hana a buɗe asusu, a nemi gudummawar ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da masu hali na garuruwanmu, a tura ko da mutum biyu ne a shekara? Sharaɗi uku kawai za a gindaya: ya iya karatun Larabci da ajami, ya koyi harshen Fotugis kafin ya tashi, in ya dawo kuma ya rubuta abin da ya gani da Hausa, yadda iyayenmu za su ji.

Za a kuma ce ana tsoron yaro ya lalace a baƙuwar ƙasa. Wannan tsoro na iyaye abin girmamawa ne. Amma mu tuna mutanen 1835 sun riƙe salla da azumi cikin ƙangin bauta. Ɗalibin da ya je da 'yancinsa da fasfo a aljihu ba shi da uzuri.

Kafin asusun ya cika, sai mu fara da abin da ke kusa. A hutu mai zuwa, ɗalibi ko ma'aikaci ya ɗauki jakarsa ya sauka wajen 'yan'uwa a Agege, ya shiga tsibirin Legas ya ga unguwar Aguda, wato zuriyar waɗanda suka komo daga Birazil, ya kuma ga masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, mai fasalin ginin Birazil. Daga nan zaren yake farawa.

An raba waɗancan bayin Allah da gidajensu ba su yi sallama da kowa ba. Shekara ɗari biyu ke nan suna bin mu bashin ziyara. Allah Ya ba mu ikon biya, amin.